Ni na taɓa totur ɗin motar surukina, shi kuma yana ganin hankalinshi ne ya tafi

Admin a ɓoye sunana da lambata don girman Allah.

Salamu alaikum jama'ar wanga gida, manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, sai dai in ya gama zagin ya faɗa mini abin yi. Ni ba ɗan boko ba ne, aji fuɗu na tsaya, ku yi haƙuri da rubutuna. Bakanike ne ni, garejina na nan Tambuwal, shekarata hamsin da 'yan kai, tun ina da ƙarfin kwana ƙarƙashin mota har yanzu da bayana ke ƙara in na duƙa. Abin da zan faɗa wata uku ke nan ina ɗauke da shi, ban faɗa wa kowa ba, ko limamin unguwarmu.

Surukina, uban matata, tsoho ne ya haura tamanin, yana zaune Kebbe. Zan ce mishi Baba kawai. Direba ne tun yana saurayi. Bayan an samu 'yancin kai, zamanin da Arewa take jiha guda, wani attajiri na ƙasarmu mai sayen gyaɗa da fatu ya sawo wata doguwar baƙar mota ta manyan mutane, kujerun fata, gaban sitiyari katako mai sheƙi, har da labule a gilashin baya. Baba ya fara da wanke ta, daga baya ya zama shi ke jan ta, kuma bai taɓa jan wata mota ba sai ita. Da Alhajin zai rasu ya bar wasiyya a ba Baba motar, magada ba su yi gardama ba don lokacin ta tsufa, kowa sabuwa yake so. Tun daga nan tana hannunshi. Duk wanda ya san Kebbe ya san motar, kuma ya san maganar da Baba ke alfahari da ita, wai shekara sittin yana tuƙi bai taɓa taka ko ɗan tsako ba. Yanzu ba ya zuwa nesa, ran Juma'a ya ɗauki amininshi Malam Buba su tafi masallaci, wani lokaci ta'aziyya ƙauyen kusa, ya dawo ya goge ta ya rufe da tamfol. Shi ke nan rayuwarshi.

Ni ke duba mishi ita tun da na auri ɗiyarshi, shekara ashirin da bakwai. Amma ku gane, mu nan suruki suruki ne. Ban taɓa zama tabarma guda da shi ba, ban taɓa cin abinci gabanshi ba, in na hango shi a hanya na kan sauka daga mashin in tuɓe takalmi in durƙusa, gaisuwa ce a tsaitsaye kaina ƙasa in wuce. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, mai gareji yake ce mini. In motar na son aiki, saƙo ke zuwa ta bakin Inna, wato uwar matata, ita ta faɗa wa matata, matata ta faɗa mini. Ga shi matar tawa ita ce ɗiyar fari, ita ma ba ta doguwar magana da ubanta, kunyar fari. To haka muke, kuma ba mu taɓa ganin laifin haka ba.

Bayan damina motar ta zo hannuna don ruwa na zuba daga lagireto. Kafin nan akwai abin da na gani da idona ya tsaya mini a rai. Wata Juma'a ina Kebbe na hangi Baba zai tayar da ita, sai na ga ya ɗora tafin hannunshi na dama kan gwiwarshi yana danna gwiwar ƙasa da hannu, don ƙafar kaɗai ba ta iya taka totur. Gwiwar ta daɗe tana mishi ciwo. Totur ɗin motar kuwa tauri gare shi kamar dutse, kuma da gangan anka yi shi haka. Marigayi Alhajin ne ya sa anka ƙara mishi sifirin biyu masu ƙarfi tun da can, don shi mutum ne da in ya shiga gari jama'a ke bin motar da ƙafa ana gaisuwa ta taga, yana son ta riƙa tafiya kamar tafiyar mutum, kar ta zabura. Haka ƙafar Baba ta saba shekara sittin, sai ya taka da ƙarfinshi duka kafin ta motsa. Ga kuma ƙafafun motar sun zauna, sifirin na baya sun mutu, shokozoba babu komai ciki, hanyar Kebbe kuwa kun san ta, ko'ina salansa na bugun ƙasa.

Sai na ce a raina, wanga tsoho ya ba ni ɗiyarshi, bai taɓa tambayata komai ba, ko lokacin da garejina ya ƙone shi ya aiko da buhun gero ba tare da an ce daga gare shi ba ne. Bari in yi mishi abin da na iya. Na yi sati biyu kanta. Na je Sakkwato na tono sifirin da za su hau, na sa sababbin shokozoba duka fuɗu, na ɗaga ta kamar faɗin tafin hannu. Sannan na zo kan totur. Na cire sifirin biyun nan na Alhaji na jefa cikin akwatin sifanuna, na sa guda mai laushi, na wanke kafireto, na rage wasan da ke jikin sandar totur, har ya zama da ɗan yatsan ƙafa ma in ka taɓa sai ta amsa. Na gwada ta hanyar Dogon Daji, wallahi kamar ba ita ba, tana tafiya kamar kan ruwa. Na dawo ina jin daɗi kamar wanda anka yi wa albishir.

Ran Laraba na kai ta Kebbe da kaina. Na san Baba ya tafi ta'aziyya Jabo a mashin ɗin wani, da gangan na zaɓi ranar, don a wurinmu ba ka yi wa babba alheri ka tsaya yana gode maka, rashin kunya ne. Na durƙusa bakin ƙofar Inna daga bayan labule, munka gaisa, na tura makulli na ce ga shi an ɗan taɓa ta. Ta sa mini albarka na fito na hau motar haya. Bakina ya yi nauyin in tsaya ina yi wa surukata bayanin totur. Da na dawo gida na ce wa matata ta faɗa wa Inna ta faɗa wa Baba na sassauta totur ƙwarai, ya taka a hankali sai ya saba. Ta ce to, ai ran Asabar za ta Kebbe suna, sai ta faɗa mata baki da baki, don Inna ba ta jin magana sosai a waya. Na ce shi ke nan. Ni da ke aikin mota shekara talatin, ban tuna akwai Juma'a tsakanin Laraba da Asabar ba.

Ran Juma'a Baba ya ga motar ta tashi tsaye, anka ce har zagaya ta ya yi yana murmushi yana cewa mai gareji ya yi aiki. Ya shiga, ya ja ta da giyar farko a hankali saboda ƙofar gidanshi gangara ce ba ta son totur, ya isa ƙofar Malam Buba. Malam Buba na tsaye jingine da katangar zaurenshi da sandarshi yana jira, kamar kullum. Akwai ɗan tudu nan gaban zauren, sai an ba ta wuta take hawa. Baba ya ɗora hannu kan gwiwa ya danna yadda ya saba. Motar ta yi tsalle ta haɗa Malam Buba da katanga.

Bai mutu ba, alhamdu lillahi. Amma ƙugunshi ya karye da cinya, an kai shi wurin mai ɗori, an kai shi asibiti Sakkwato, an dawo da shi, har yau yana kwance, sai an juya shi. Mutum ne da ya haura tamanin shi ma, kowa ya san ba tashi zai yi ba.

Yanzu ga inda na zama abin da na zama. Washegari Asabar ƙanen matata, babban ɗan Baba namiji, in ce mishi Nasiru ko da yake ba sunanshi ba ne, ma'aikaci ne a Sakkwato, ya kira ni ya ce in zo in duba gaban motar, fitila ta fashe bamba ya lanƙwashe. Na ɗauki akwatina na tafi. Gidan cike da masu jaje, motar na gefe ƙarƙashin dalbejiya ba kowa wurinta. Na buɗe bonet, na buɗe akwati zan ɗauki sifana, sai ga sifirin biyun nan na Alhaji kwance a ciki. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Hannuna ne kawai ya yi aiki. Na cire mai laushin na sa aljihu, na mayar da tsofaffin, na mayar da wasan sandar yadda yake. Bai kai minti goma ba. Abin da ke kaina lokacin, in Malam Buba ya cika ni za a ce na kashe shi, 'yan sanda, garejina, aurena, wa zai sake kawo mini mota. Tsoro ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Ran Lahadi anka yi zaman iyali. Ni ina can bakin zaure ta waje inda ya kamaci suruki, amma ina jin komai. Nasiru da ƙannenshi sun daɗe suna son karɓe makullin, shekara biyar suna fama Baba na ƙi, to yanzu sun samu hujja. Baba kuwa ya tsaya kan magana guda, wai totur ɗin ba nashi ba ne, wai gudu ya yi ƙarƙashin ƙafarshi, wai shi ya san motar fiye da yadda ya san 'ya'yanshi. Nasiru ya leƙo ya tambaye ni, da ma abokin wasana ne ba ya raga mini, ya ce kai sarkin baƙin mai, ban da ƙafafu ka taɓa wani abu a motar tsoho? Na ce lagireto da ƙafafu kawai. Haka na ce, gaban mutane, da bakina.

Nasiru ya shiga motar ya taka totur, ya ce wannan ai sai ƙato, shi kanshi da ƙyar ya danna. Baba bai yarda ba. Anka aika Dogon Daji anka ɗauko wani bakanike don kar a ce an yi son kai, ya duba ya ce wanga totur tun zamanin marigayi Alhaji ba a taɓa shi ba, ga tsatsa nan jikin sifirin. Sannan Baba ya taso da kanshi, anka buɗe mishi ƙofa ya zauna, ya ɗora hannu kan gwiwa ya danna. Ya saki ya sake dannawa. Ya fi sau biyar. Ina kallonshi ta gilashi. Ya daɗe zaune hannunshi kan sitiyari, sannan ya zare makullin ya miƙa wa Nasiru ta taga, ya ce, to ashe ni ne. Ya fito ya shiga gida.

Da a nan abin ya tsaya da na ce tsoho ya huta da tuƙi, wata ƙila alheri ne. Amma Baba bai ɗauke ta a kuskuren ƙafa ba. Shi ya san abin da ƙafarshi ta ji ran Juma'a, ya kuma san abin da ta ji ran Lahadi, tunda duka biyun ba za su zama gaskiya ba sai ya yanke cewa kanshi ne ya fara taɓuwa. Nasiru ya kai shi wurin likita, likita ya ce a shekarunshi mantuwa na iya farawa, a riƙa lura da shi. To sai kowa ya shiga lura. In ya ajiye carbi ya nema, sai a kalli juna. Mutumin da shi ke jan sallah a masallacin ƙofar gidanshi in liman ba ya nan, yanzu ya koma sahun baya, yana tambayar na kusa da shi raka'a nawa anka yi. Ya kan tambayi Inna ko ya ci abinci alhali kwanon na gabanshi, don bai yarda da abin da ya tuna ba. Kwanan baya anka samu rikicin iyakar gona tsakanin wasu gidaje biyu, shi kaɗai ya rage da ya ga lokacin da anka dasa iyakar, mai gari ya aiko a zo da shi, ya ce a'a, wanda bai san abin da ƙafarshi ta yi ba ba ya ba da shaida kan ƙasar mutane. Ya rame, rigunanshi sun yi mishi yawa. Kullum da hantsi yana dogara sanda da wannan gwiwar ya tafi gidan Malam Buba ya zauna gefen gadonshi har azahar. Malam Buba ma shi ke ba shi haƙuri, anka ce har tsokanarshi yake, wai shekara sittin kana neman wanda za ka taka ba ka samu ba sai ni da na san asirinka. Baba ba ya dariya.

Matata kuma ta sani. Ba ta san mota ba amma ba wawiya ba ce. Ta san saƙon da na ba ta, ta san ba ta kai ba, ta kuma ji an ce an duba totur an same shi yadda yake. Sau ɗaya ta tambaye ni, tana tankaɗe ba ta dube ni ba, ta ce wancan saƙon da ka ba ni na mene ne. Na ce ki manta da shi. Ta ce to. Tun ranar ba mu sake tayar da maganar ba, tana dafa abinci tana kawowa, tana gaishe ni da kwana, amma gidan kamar an yi mutuwa ba a faɗa ba. Na san ita ma tana cin kanta, tana ganin da ta buga waya ran Alhamis da duk wannan bai faru ba. In na tona kaina na tona ta, 'yan'uwanta za su ce ta san gaskiya wata uku tana kallon ubanta na lalacewa ta rufa wa miji asiri. Nasiru ba zai yafe mata ba, na san halinshi.

Na yi ƙoƙari sau biyu. Sau ɗaya na hau mashin na kama hanyar Kebbe da niyyar faɗa, na kai rabin hanya na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya na fi awa, na juyo. Na biyu na shiga har zauren, na durƙusa, na gaishe shi, bakina ya ƙi buɗewa. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa haɗa jimla uku gabanshi ba, ta ina zan fara, in ce Baba ni na karya amininka, na kuma bari ka ɗauka haukacewa kake?

Abin da ya sa na rubuto yau, satin da ya wuce ya aiko a kira ni. Na je na same shi zaure shi kaɗai. Na durƙusa bakin ƙofa inda na saba, sai ya buga tabarmar da yake zaune da hannu ya ce in matso in zauna nan. Na ce a'a Baba nan ma ya isa. Ya ce zauna, ni yanzu ba wanda ake jin kunya ba ne. Na zauna gefen tabarmar. Sai ya kira sunana, sunana na yanka, ban ma san ya riƙe shi ba. Ya ce akwai haƙƙina a kanshi yana son ya sauke tun yana gane mutane. Ya ce ranar da abin ya faru da washegari, ya zarge ni a zuciyarshi, ya ce wa ranshi mai gareji ne ya taɓa totur, har ya ji ya tsane ni kwana biyu, alhali ni alheri na yi mishi na ɗaga mishi mota ban nemi ko godiya ba. Ya ce zato zunubi ne, kuma shi bai san ranar da zai farka bai san kowa ba, don haka in yafe mishi yanzu.

Jama'a, na buɗe baki. Wallahi na buɗe da niyyar faɗa. Abin da ya fito shi ne, na yafe Baba, ba komai. Ya ce Allah shi yi maka albarka, ya kama hannuna ya riƙe. Na fito na hau mashin, ban san yadda na iso Tambuwal ba.

Tun ranar ban iya riƙe sifana da kyau. Mota ta zo in tsaya ina kallonta. Na san wasu za su ce in yi istigfari, ina yi, amma istigfarina ba ya mayar wa tsoho hankalinshi da na sace. Wasu za su ce je ka faɗa kawai. To ku duba mini. In na faɗa, zai san kanshi lafiya lau, wannan kaɗai nake so. Amma zai kuma san mutumin da ya zaunar kan tabarmarshi ya roƙa gafara shi ne ya yi mishi wannan, yana kallo, wata uku. Mai shekara tamanin da ciwon hawan jini, ban san ko zuciyarshi za ta ɗauka ba. 'Ya'yan Malam Buba sun yi haƙuri don sun ɗauka tsautsayin tsufa ne tsakanin aminai, in sunka ji akwai hannun bakanike da ƙarya a ciki ba za su tsaya ba, kuma suna da gaskiya. Aurena ba na jin zai kai labari. 'Ya'yana shida, gidan kakansu ne. In kuma na yi shiru, ina ganin yadda yake tafiya, ba zai kai wata damina ba, zai tafi yana ganin shi ya karya amininshi da hannunshi, ni kuma in je in tsaya sahun gaba a jana'izarshi ana cewa ga surukin kirki.

Ni dai na duba gabas na duba yamma ban ga inda zan fita da sauran mutunci ba, na ma daina neman wannan. Tambayata gare ku, malamai da dattawan da ke wanga gida da duk wanda ya taɓa zama da tsoho, in faɗa ko in yi shiru? In faɗa ne, shi kaɗai zan samu ko sai an tara su Nasiru tunda gabansu na yi ƙaryar? In fara da matata ko in cire sunanta gaba ɗaya in ce ban taɓa ba kowa saƙo ba, ko wannan ma wata ƙaryar ce zan ɗora kan ta farko? Kuma wanda ya ce in faɗa, don Allah ya rubuta mini kalmomin da zan fara da su, ɗaya bayan ɗaya, yadda zan haddace. Don na san kaina, in na sake zama gabanshi ba tare da su ba, zai tambaye ni lafiya, ni kuma in ce lafiya lau Baba, gaishe ka na zo yi.